Kilo Uku a Matan Fada: Yaya Ya Kamata a Raba Kyautar Kamun Kifi ta Argungu?

A watan Maris na 2020, da bikin kamun kifi na Argungu ya dawo bayan an yi fiye da shekara goma ana jiransa, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi a kan sikeli, na biyu kilo 75, na uku kuma 70. Masuncin da ya kamo na farkon ya tashi da naira miliyan 10 da motoci biyu da kujerun Makka biyu. Na biyu da na uku ba su koma hannu rabbana ba, amma sauran dubban da suka faɗa ruwan Matan Fada a wannan rana, mafi yawansu abin da suka kai gida shi ne kifin da ke cikin gorarsu da ciwon jiki. Ba wanda zai yi wa gwanin baƙin ciki. Abin tambaya dai shi ne ko kilo uku, a gasar da ba ta wuce kusan awa ɗaya ba, ya isa ya zama iyaka tsakanin mutumin da rayuwarsa ta sauya da wanda ya zo dab da shi, balle kuma wanda ya zo na goma ko na hamsin, da ba a ko ambaci sunansa. A ganina bai isa ba, kuma tsarin da ke jibge kusan komai a kan mutum ɗaya zuwa uku yana cutar da bikin kansa.

Sai an tuna asalin abin kafin a ga inda gizo ke saƙar. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan tsawon zamani na gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka shirya babban su domin karrama baƙo. Tun kafin wannan Kabawa suna da al'adunsu na gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda da su ake buɗe lokacin kamun kifi. Har yau wannan yanki na kogin a rufe yake a sauran watannin shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, ba mai jefa koma sai an ba da izini. Wannan rufewa ita ce sirrin manyan giwan ruwan da ake ɗagawa a gaban sarakuna da gwamnoni. Kifi ba ya kai kilo 70 a ruwan da ake tatsa kullum. Ya kai haka ne saboda masuntan da ke zaune a bakin kogin sun kame hannunsu wata da watanni, alhali suna da iyali da buƙata. Ke nan kifin da ya ci gasa haƙurin jama'a ne ya ƙiwata shi, mutum ɗaya ne kawai ya yi sa'ar haɗuwa da shi a ranar ƙarshe. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, abin da ta duba shi ne al'adar al'umma da ilimin ruwa da ake gada kaka da kakanni, motocin da ake rabawa ba su cikin lissafinta.

Mu dubi ita kanta gasar da idon basira. Masunta sun jeru a bakin gaɓa, kowa da homarsa da ƙatuwar gora. Ana harba bindiga sai su kwarara cikin ruwa a guje, makaɗa na bin su a cikin kwale-kwale, kafin ka ce kwabo ruwan ya koma laka, ba mai ganin tafin hannunsa a ƙasa. Mutum ya kwanta rub-da-ciki a kan gora yana lalube, ya nutse ya taso, ya sake nutsewa. Akwai gwaninta a nan, kuma babba ce. Wanda bai iya riƙe numfashi ba, bai san inda giwan ruwa ke maƙalewa idan ya firgita ba, bai iya rufe homa a kan kifin da ya kusa nauyinsa ba tare da ya ɓalle ko ya ji masa rauni ba, wannan ko shekara nawa zai yi yana zuwa ba zai hau dandamali ba. Amma gwanaye irin waɗannan ɗaruruwa ne a cikin ruwan, kifin da ya fi kowanne girma kuwa guda ɗaya ne, kuma dubban ƙafafu ne ke kora shi ta inda ba wanda ya tsara. Gwaninta tana shigar da mutum sahun waɗanda za su iya ci. Wanda zai ci a cikinsu kuwa, sa'a ce ke nuna shi. Da za a maimaita gasar washegari da mutanen nan da kifayen nan, da wuya na ɗaya ya sake zama na ɗaya, kuma kowane masunci ya san haka.

Akwai mutanen da suka daɗe suna fama da irin wannan matsala ta haɗuwar gwaninta da sa'a, su ne masu shirya gasar karta ta poka a Amurka da Turai. A nan sai an yi magana a fili. Poka caca ce: 'yan wasa ne ke zuba kuɗinsu, wasu su kwashe na wasu, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Kyautar Argungu ba haka take ba, domin gwamnati da kamfanoni da masu hannu da shuni ne ke bayarwa, kuma malaman fiƙihu tun da can sun bambanta kyautar da ta fito daga hannun wanda ba ya cikin gasa da kuɗin da 'yan gasa suka zuba don wani ya cinye. Abin da ya sa ya dace a leƙa can shi ne lissafinsu a buɗe yake, ana buga shi duk shekara, kuma tun da kuɗinsu ne a ciki, 'yan wasan ba sa yin shiru idan rabon ya karkace. Lissafin rabo kuwa ba shi da laifin teburin da aka fara gwada shi.

Babbar gasarsu ita ce World Series of Poker da ake yi a Las Vegas tun 1970, inda kowa ke biyan dala 10,000 kafin ya zauna a babban zagaye. A 2014 masu shiryawa suka yi alkawarin dala miliyan 10 ga na ɗaya, mutum 6,683 suka shiga, 693 kawai suka sami wani abu, wato kusan ɗaya cikin goma. Da suka so maimaita haka a 2015, 'yan wasa suka nuna rashin yarda, aka janye alkawarin, aka biya mutum 1,000, na ɗaya ya karɓi dala miliyan 7.68. Daga baya aka tsaya a kan biyan kusan kashi 15 cikin ɗari na duk waɗanda suka shiga. A 2023 mutum 10,043 suka zauna, aka tara fiye da dala miliyan 93, aka ba na ɗaya miliyan 12.1, adadin da ya ɗan haura miliyan 12 na shekarar 2006 domin a ce an kafa sabon tarihi. A shekarar da ta biyo baya mutane sun ma fi yawa, 10,112, amma aka mayar da na ɗaya miliyan 10, aka tabbatar duk mutum tara na teburin ƙarshe kowa ya sami aƙalla miliyan ɗaya. A duba da kyau: ko a 2023 da aka kafa wancan tarihi, kyautar farko ba ta wuce kashi 13 cikin ɗari na abin da aka tara ba. A wasan golf na ƙwararru a Amurka, inda sa'a ba ta kai ta karta ƙarfi ba, kashi 18 aka saba ba zakara, sauran a bi da su ƙasa har mutum sittin da wani abu.

Wani abin da ya fi waɗannan alƙaluma bayani shi ne halin 'yan poka idan sun rage uku ko huɗu a tebur. A gasa da yawa sukan tsayar da wasa su sasanta, su raba kuɗin da ya rage gwargwadon abin da ke gaban kowa, su bar ɗan kaɗan da kofi a ci gaba da fafatawa a kansu. Waɗannan mutane ne da kasada ce sana'arsu, amma idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na uku ta yi faɗi, su da kansu suke rage ta, saboda sun san a wannan mataki juyawar kati ɗaya ce za ta raba su. Masuncin Argungu ba shi da wannan dama. Ba zai tsaya a tsakiyar ruwa ya yi yarjejeniya da na kusa da shi ba. Idan za a rage masa kaifin sa'a, masu tsara kyautar ne kaɗai za su iya.

Masana tattalin arziki suna da hujjar da ke goyon bayan babbar kyauta, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Edward Lazear da Sherwin Rosen sun nuna a 1981 cewa abin da ke sa 'yan gasa su dage shi ne tazarar da ke tsakanin matakai, kuma idan sa'a ta yi yawa a gasa sai an ƙara faɗaɗa tazarar kafin mutane su ga amfanin wahala. Bisa wannan, sai a ce Argungu ta yi daidai. Amma wannan hujja an gina ta ne a kan wurin da ake tsoron mutane za su yi lalaci, kamar ma'aikatan kamfani da ke neman ƙarin girma. A Matan Fada ba a fama da lalaci. Mutumin da ya taso daga Augie ko Bagudo ko Yauri, ko ya tsallako daga Nijar, ya kwana a bakin ruwa yana jiran ƙarar bindiga, ba zai rage ƙoƙari don an ce kyautar farko miliyan biyar ce maimakon goma ba. Ƙarfinsa duka ya riga ya zuba. To idan ƙarin kuɗin bai sayi ƙarin ƙoƙari ba, me yake saye? Lazear ɗin nan ya dawo a 1989 ya nuna cewa tazara mai faɗi tana koya wa 'yan gasa zagon ƙasa da rashin taimakon juna. Argungu ta ga nata a 2008, lokacin da aka karɓe kambun daga hannun wanda aka bayyana ya ci da kifi mai kusan kilo 66, bayan sauran masunta sun yi ƙorafi, bincike ya nuna kifin ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa. Haka aka yi a jihar Ohio ta Amurka a 2022, inda aka farke cikin kifayen wasu mutum biyu a gasar tafkin Erie aka tarar da dunƙulen dalma, har ta kai su gidan yari. Mai niyyar maguɗi lissafi yake yi: abin da zai samu idan ta yi kyau, da abin da zai rasa idan asiri ya tonu. Duk lokacin da aka ƙara tulin da ke kan mataki na ɗaya, an ƙara wa wannan lissafi daɗi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi a wurina. Za a ce babbar kyautar ita ce tallar bikin. Labarin talaka masunci da ya shiga ruwa da gora ya fito da makullin mota shi ne gidajen rediyo ke ɗauka, shi ne yara ke ji su yi sha'awar sana'ar iyayensu, shi ne ke sa kamfani ya ga ribar sa sunansa. Wannan gaskiya ne, kuma duk gyaran da zai mayar da na ɗaya kamar kowa ya kashe gasar. Sai dai labarin ba ya buƙatar mota biyu. Mota ɗaya da kujerar Makka da tsayawa gaban Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu ana ɗaga hannunka sun isa a yi shekaru ana faɗa a ƙauyenku. Mota ta biyu ba ta ƙara wa labarin komai, amma kuɗinta zai iya zama jari ga masunta masu yawa. Kuma akwai wata tallar da ake mantawa da ita. Idan mutum ɗari suka koma garuruwa ɗari da abin da za su nuna, an sami bakuna ɗari masu cewa zuwa Argungu ba asara ba ne. Wanda ya taɓa samun ko kaɗan shi ne ke dawowa baɗi.

Tushen matsalar, in an bi ta a hankali, ba mugun nufin kowa ba ne. Yadda kyautar ke taruwa ne. Gwamna ya ba da mota, wani kamfani ya ba da tasa, wani attajiri ya ce ya ɗauki nauyin Hajji, kuma kowannensu so yake a ambaci sunansa tare da na zakara, domin nan kyamarori suke. Sai a wayi gari tulin ya hau kan mutum ɗaya ba tare da wani ya zauna ya tsara hakan ba. Mai bayarwa yana da iko da dukiyarsa, ba mai musun wannan. Amma masarauta da gwamnatin jihar Kebbi su ma suna da iko da dandalinsu, kuma ba rashin kunya ba ne a ce wa mai kyauta: ranka ya daɗe, motar farko an riga an samu, taka za ta tafi ga na biyu, ko kuwa kuɗinta ya shiga asusun da za a raba wa mutum hamsin, a kira sunanka sau hamsin. Da yawa za su fi son haka. Muna ma da abin koyi a gida. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, ba mataki ɗaya gare ta ba: akwai masu izu sittin, akwai na ƙasa da haka, maza daban mata daban, kowane rukuni da gwanayensa, kuma wannan bai rage wa gwarzon shekara ƙima ba.

A ce, don misali kawai, an tara naira miliyan 50 ta tsabar kuɗi ban da mota da kujerar Makka. Na ɗaya ya ɗauki miliyan 10, wato kashi ɗaya cikin biyar, haɗe da motar da kujerar. Na biyu miliyan 6, na uku miliyan 4. Daga na huɗu zuwa na goma kowa miliyan ɗaya da rabi. Daga na 11 zuwa na 50 kowa dubu 300, daga na 51 zuwa na 100 kowa dubu 150. Kuɗin ya ƙare cif, mutum ɗari sun samu, zakara bai rasa komai na darajarsa ba. Ana iya jayayya a kan alƙaluman, amma ƙa'idoji biyu ne a ƙarƙashinsu da nake ganin ba a taɓa su. Kada tsalle daga mataki zuwa mataki ya yi tsananin da kilo ɗaya zai ninka rabon mutum sau biyar, kuma kada kyautar ƙarshe ta yi ƙanƙantar da ba za ta biya kuɗin mota da gyaran homa ba, domin kyautar da ba ta kai wahalar karɓarta ba raini ce. Idan kifi biyu suka yi kunnen doki a sikeli, a haɗa kyautar matakan biyu a raba daidai, kada a bar wa alƙali ya zaɓa.

Za a ce auna kifi ɗari a cikin wannan turmutsutsu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ƙofar maguɗi za ta ƙaru tun da matakan sun ƙaru. Aikin kam zai ƙaru. Amma ba kowane kifi za a kawo ba: a sa iyaka, a ce sai wanda ya kai kilo kaza, a kafa sikeli huɗu ko biyar a bakin gaɓa, kowanne da wakilin Sarkin Ruwa da ma'aikacin sashen kifi na jiha da za su duba cewa kifin da ransa ko yanzu ya mutu, a ɗaura masa lamba, a rubuta suna nan take. Game da maguɗi kuwa, ba wanda zai sayi ƙaton giwan ruwa, ya yi dakonsa a ɓoye, ya jefa kansa cikin haɗarin kamu da kunya a gaban sarki, don naira dubu 150. Inda kuɗin ya taru nan ɓarawo ke dubawa, kuma matakai uku na sama za a iya tsananta musu bincike fiye da yadda ake yi yanzu.

Akwai kuma masu cewa duk wannan dogon lissafi ne a kan abin da Allah ya riga ya raba, rabon mutum ba ya wuce shi. Haka ne, kifin da ya shiga homar wani rabonsa ne, ba mai ja. Amma jadawalin kyauta ba daga ruwa ya fito ba. Mutane ne suka zauna a Birnin Kebbi da Argungu suka ce wannan na wane, wancan na wane, kuma abin da mutum ya tsara da hannunsa ana tambayarsa adalcinsa. Wannan adalci ya shafi waɗanda sikeli ba ya gani. Kifin 2005 mai kilo 75 sai da mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa kan ma'auni, kuma abin da ya gagari mutum ɗaya a tudu da wuya ya fito da shi daga ruwa shi kaɗai. Idan kyautar mota ce, yaya za a fitar wa waɗanda suka taya shi haƙƙinsu ba tare da an sayar da ita da asara ko an ɓata zumunci ba? Tsabar kuɗi tana rabuwa, kuma idan an rubuta sunan mai homa da mataimakinsa tun wurin awo, an kashe rigimar tun ba ta taso ba. Haka 'yan wasannin Kabanci, masu tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, waɗanda a wurinsu gwaninta ta fi sa'a tasiri nesa ba kusa ba, sun cancanci kaso mai kauri fiye da matsayin share fage.

Sai kogin kansa. A 2006 an hana shiga ruwa saboda ya yi ƙasa sosai, kuma duk mai bin labarin fadamar Rima ya san yashi da ƙarancin ruwa ba baƙi ba ne. Idan aka ware ko kashi goma cikin ɗari na abin da aka tara domin yashe Matan Fada da tallafa wa masuntan da aka hana su ruwansu duk shekara, an biya waɗanda suka ƙiwata kifin da ake alfahari da shi. Duk wannan kuwa ba zai yi aiki ba sai an sanar da shi tun da wuri. A buga jadawalin, a karanta shi da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyon Kebbi makonni kafin ranar, a faɗi matakai nawa za a biya da nawa-nawa, da mafi ƙarancin nauyin da za a karɓa, da wanda za a kai wa ƙara idan an ga ba daidai ba, da ranar da kuɗin zai shiga hannun mai shi. Duk gudummawar da ta zo bayan an sanar, ko daga bakin wa ta fito a dandali, ta bi wannan jadawalin.